Saniyar da Na Zana wa Likitan Shanu

A shekarar da Turawa suka fara kafa sansanin allurar shanu a ƙasarmu, ni ne mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwar Illela. Sunana Maharazu. Fataken da za su ƙetara Ƙonni da waɗanda suka gangaro daga can duk a tabarmata suke zama, su faɗi in rubuta da ajami. Ban da wasiƙa kuma ina yin zayyana a allon masu sauka, da ja da ɗorawa da shuɗi. Mutane suna cewa daga nan har Gwadabawa babu mai hannu kamar nawa. Na yarda da su, har nakan ƙara da Sakkwato idan ina ba wa kaina labari.

Baturen da ya zo da aikin allurar dogo ne siriri, ba ya rabuwa da lofe a baki, shi ya sa aka sa masa Mai Lofe. Cutar bushiya ta yi ɓarna a garkunan Fulani shekara biyu a jere, shi kuma ya zo da maganin da ake yi wa lafiyayyar saniya don kada ta kamu. Sai dai da makiyaya sun ji labarin allura, kafin gari ya waye sun kora shanunsu sun haye iyaka zuwa ƙasar Faransi, tunda tafiyar ba ta kai a gaji ba.

Mai Lofe yana da majigi, wani akwatin ƙarfe mai fitila a ciki, ana zura masa gilashi mai hoto sai hoton ya fito ƙato a jikin farin ƙyalle. Ya nuna wa makiyaya hotunan da ya zo da su daga ƙasarsu, suka ga shanu marasa tozo da gajerun ƙafafu, suka ce Allah ya ba masu su haƙuri, suka watse. Daga nan ya yanke shawarar koya wa 'yan ƙasa su zana nasu. Ya aika wa maigari ya nemo masa mutum uku masu hannu.

Ni ne na farko da aka kira, ban kuma yi mamaki ba. Na biyu Junaidu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi makarantar boko, shi ne tafintan Likita, wato Mai Lofe, kuma mai kula da majigin. Na uku Maccido, wani mai sassaƙar ƙwarya daga Kalmalo, mutum mai shiru, ko alif bai iya rubutawa ba. Da na gan shi da tsagaggun yatsunsa sai tausayinsa ya kama ni, na ƙudurta zan riƙa taimaka masa idan abin ya yi masa nauyi.

Kafin in fara na tambayi malamina hukuncin zana abu mai rai. Ya ce tunda don ceton dukiyar jama'a ne, ba don a girmama hoton ba, in je in yi, amma kada in rataya shi a ɗaki.

Muna zama a wata rumfa bayan bariki, Litinin da Alhamis da hantsi, har mako shida. Ranar farko Likita ya ciro wani ɗan littafi, ya kama gefensa da babban yatsa, ya saki takardun suna zubowa da sauri. Sai ga kwaɗo a kusurwar takarda ya tsuguna, ya yi tsalle, ya dira. Na ja da baya har rawanina ya taɓa azarar rumfa.

"Ba tsafi ba ne, Malam," in ji shi da Hausarsa ta littafi. "Kwaɗo goma sha biyu ne. Kowane ya bambanta da ɗan'uwansa kaɗan kaɗan. Ido ne yake haɗa su."

Ya raba mana fensir da littafi, ya ba mu aikin farko: lemun tsami ya faɗo daga sama, ya bugi ƙasa, ya tashi, a takarda goma sha biyu.

Na koma gida na zauna a kai kwana uku. A ganina ba zai yiwu mutum kamata ya zana ƙwallo kawai ba. Kowane lemu na yi masa ganye da ɗan reshe, na bi fatarsa da ɗigo-ɗigo, wani ma na kewaye shi da ado irin na bakin allo. Da na gama na kira matata Tasalla, na karkaɗa mata littafin. Lemun ya kumbura, ya motse, ya yi tsalle gefe, ganyensa ya koma ƙasa, ya sake kumbura.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wanga lemu ciwon ciki garai?"

Na ce mata wannan ilimi ne na Turawa, ba kowa ke gane shi da gani ɗaya ba. Ta ce haka ne, ta koma kan dakanta.

Ranar Alhamis Likita ya karkaɗa nawa sau biyu, ya cire lofe, ya mayar. Ya ɗauki na Maccido. Da'ira ce kawai, ko ɗigo babu, amma tana faɗowa a hankali ta ƙara sauri, da ta bugi ƙasa ta ɗan baje, sannan ta tashi. Har kamar ka ji ƙarar. Likita ya tambaye shi yadda ya yi. Maccido ya ce ya sayi lemu ne ya yi ta jefawa a tsakar gida har ya fashe. Ni kuwa na gaya wa kaina cewa Bature bai san ado ba, ai ka ga irin tufafin da yake sawa.

Aiki na biyu jaki ne yana tafiya, takarda takwas. Likita ya ce kowa ya je kasuwa ya zauna ya dubi yadda jaki ke ɗaga ƙafa. Na yi tunanin abin da za a ce idan aka ga Malam Maharazu tsugune a turken jakai yana leƙen ƙafafunsu, sai na ga ba zan iya ba. Jaki dai na san shi, ƙafa huɗu ne da kunne biyu. Na zana daga kaina. Da aka karkaɗa, ƙafafun gaba suna tashi tare, na baya ma haka, jikin kuwa yana nan inda yake, kamar mai dakan gero da taɓare huɗu. A takarda ta biyar wutsiyarsa ta ɓace, ta dawo a ta shida. Na Junaidu an yi shi da ma'auni, komai daidai, sai dai ya fi kama da tebur da ake ja. Na Maccido yana tafiya yana gyaɗa kai, har da kaɗa kunne ɗaya.

A hanyar komawa gida Maccido ya biyo ni. Ya ce, "Malam, in kana so gobe mu tahi mashaya tare. Can suka taruwa, kana iya ganin su da kyau."

Na gode masa, na ce ina da wasiƙu da yawa. Wasiƙa ɗaya na rubuta a ranar, ita ma gajera.

A mako na huɗu Likita ya zo da babbar takarda, ya ja layi ya raba ta gida shida. Da na gani sai zuciyata ta yi sanyi, domin wannan kam hatimi ne, kuma na cike hatimi ya fi a ƙirga. Ya ce wannan shi ne babban aiki. Kowa zai ba da labari a gida shida, hoto ɗaya a kowane gida. Idan ya yi kyau a takarda, sai a kwafe shi da tawada a gilashi shida don majigi.

"Amma da sharaɗi," in ji shi. "Ranar nunawa babu mai magana. Ba ni, ba ku. Idan hoto yana bukatar baki, bai cika ba. Masu kallo ne za su faɗa mana abin da suka gani."

Labari uku ne. Na tsabtace bakin rijiya, na shanya fata a inuwa, da na allurar shanu, wanda dominsa aka tara mu. Na ga idon Likita ya nufi Maccido, sai na yi sauri na ce na allura nawa ne. Na ce ni mutanen gari suka sani, kuma maigari ni ya fara kira. Likita ya daɗe yana dubana ta cikin hayaƙi.

"To, Malam. Amma ka je ka ga saniya."

Na ce masa tun ina goye nake ganin saniya.

Tare muka tsara labarin da baki. Gidan farko, saniya ta mutu da bushiya, ungulaye a kanta. Na biyu, wadda ta rage tana tsaye kai a ƙasa, mai ita ya ɗora hannu a ka don baƙin ciki. Na uku, ya ja ta da igiya zuwa wurin Likita. Na huɗu, Likita ya yi mata allura. Na biyar, tana kiwo. Na shida, ta yi ƙiba, ga 'yan maruƙa kewaye da ita. Washegari Likita ya tafi sansanin Lafani kwana goma, ya bar mu da gilashi da tawada.

Ban je na ga saniya ba. Na yi niyya, har na kama hanyar kara, inda ake cinikin shanu, wata ranar kasuwa, sai na haɗu da wani ya tsayar da ni yana yabon zayyanar da na yi wa ɗansa, daga nan na ga ai babu bukata. Na zauna na yi aikina. Gilashin bai fi tafin hannu ba, ƙaho ya ƙi samun wuri, sai na gajarta shi. Tozon na tura shi gaba ya hau wuya. Ƙafafun baya kullum wuri yake ƙare mini kafin in kai gare su, sai suka fito gajeru. Da na ga jikin ya yi fari fat ba armashi, na bi shi da ɗigo manya-manya, na kuma buɗe mata baki a gidan ƙarshe don a ga tana murna.

Maccido ya leƙa ya gani. Can ya ce, "Ɗigon ga hwa, Malam?"

Na ce ado ne.

Kafin ya tafi Likita ya ce a sa lamba a kusurwar kowane gilashi. Ni na ga lamba za ta ɓata aikin, kuma duk mai hankali ya san inda layi yake farawa. Na jera su a akwatin katako yadda na saba tun ina ƙarami, na farko a dama, na ƙarshe a hagu, na miƙa wa Junaidu.

Likita ya dawo ranar kasuwa da ƙura a jikinsa, bai samu ya duba komai ba. Bayan azahar aka taru a zauren maigari, aka toshe ƙofa da tabarmi, aka rataya farin ƙyalle a bango. Ardo Lawwali, shugaban makiyayan da ke bakin tafkin Kalmalo, ya zo da dattawa kamar takwas, suka zauna a gaba da sandunansu. Zauren ya yi zafi, ga warin kananzir.

Aka fara da na Junaidu. Jama'a suka ce rijiya ce, kuma wani yana shara. Aka sa na Maccido, wani mahauci a baya ya bayyana labarin tun daga fiɗa har shanya ba tare da an tambaye shi ba. Sai aka zo kan nawa. Na gyara zama, na ɗan matso inda haske zai taɓa fuskata.

Junaidu ɗan boko ne. Ya sa hannu ya ɗauko daga hagu.

Abin da ya fara fitowa a bango ita ce ƙosasshiyar dabba, baki buɗe, 'yan ƙanana kewaye da ita. Na yi tari don Junaidu ya waiwayo, bai waiwayo ba. Ga ta ta duƙa tana ci. Ga Bature ya soka mata allura. Ga mutum yana jan ta da igiya. Ga ta kai a ƙasa, mutumin hannu a sama. Ga ta kwance ƙafafu a miƙe, ungulaye sun sauka.

A cikin duhu na ji lofen Likita ya faɗi ƙasa. Na so in miƙe in ce a sake daga ɗaya gefen, amma ga sharaɗin da aka kafa. Dattawan suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa da Fillanci.

Aka ɗaga tabarma. Likita, fuskarsa ta yi ja, ya tambayi Ardo abin da ya gani.

Ardo Lawwali ya miƙe, ya gyara malfarsa. "Mun gani, Likita. Mun gode. Za mu yi shawara."

Suka fita a jere.

Likita bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya tsinci lofensa, ya dubi akwatin gilashin, ya dube ni, ya ce a kashe fitila.

Kwana biyu ban fita bakin kasuwa ba. Na nuna wa dattawan Fulani, a bangon maigari, cewa allurar Bature tana kashe ƙosasshiyar saniya cikin gida huɗu. Duk motsin da na ji a waje sai in ce garke ne ke hayewa iyaka. Na gaya wa Tasalla ko za mu je Ƙonni mu gaida kawunta, mu ɗan jima.

Ta ce, "Kawu na lahiya. Kai dai ka ci tuwonka."

A rana ta uku da hantsi dogari ya yi sallama, ya ce Likita na kira, Ardo ya zo. Na sa babbar rigata, domin na ga idan za a kunyata mutum gara a same shi da sutura.

Na tarar da su a rumfar karatunmu. Dattawan sun ƙaru, sun kai ashirin, har da waɗanda suka zo daga Garu. Maccido da Junaidu suna gefe. Likita ya nuna mini wuri, ya ce wa Ardo ya maimaita abin da ya faɗa.

Ardo ya ce, "Mun yi shawara, mun amince. Muna son maganin. Bana kaɗai ta ci muna maruƙa bakwai."

Likita ya ce, "Bushiya?"

"Kura, Likita. Wadda kunka nuna muna. Mun ga ta shiga cikin awaki, mun ga tana cin ɗaya, mun ga ka soke ta, anka ja ta, mai awakin yana rawa, ta mutu. Abu guda na ba mu gane ba. Ƙaƙa ka yi har ka matsa kusa da ita ba ta cije ka ba?"

Junaidu ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa abu biyu suka zo mini tare, ban san wanda zan fara ji ba. Ban kori saniya ko ɗaya daga ƙasar Ingilishi ba. Dalili kuwa shi ne, cikin mutum tara da suka tashi cikin shanu tun haihuwa, babu ko ɗaya da ya yi zaton abin da na zana saniya ce.

Likita ya tambaya a hankali, "Ardo, ba ka ga ƙaho ba?"

"Kunnuwa dai na gani." Ya juyo gare ni da girmamawa. "An ce kai ka yi ta, Malam. Allah shi ƙara basira. Har ɗigon jikinta ba ka mance ba. Halan ka taɓa kwana kusa da raminsu?"

Na ce a'a, baiwa ce kawai.

A nan Likita ya kasa riƙewa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Junaidu ya kawo masa ruwa. Dattawan suka dube shi da mamaki, suna jira ya gama. Da ya samu numfashi ya ce musu ba shi da allurar kura, kuma ko yana da ita ba shi ne zai je ya soka ba. Ya ce amma tunda sun zo, su ba shi aron kunnensu kaɗan. Ya yafito Maccido.

Maccido ya tsuguna a bakin rumfa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke. Bai yi layi ashirin ba, sai wani dattijo ya nuna da sanda ya ce, "Wagga ai jar saniyar Ardo ta, mai karyayyen ƙaho." Ardo ya matso ya duba, ya ce ita ce. Daga nan Maccido ya ja gida shida a ƙasa, ya bi labarin ɗaya bayan ɗaya, su da kansu suna faɗin abin da ke faruwa, suna gardama a kan ko igiyar ta yi tsawo. Aka daɗe ana tambaya, Likita na amsawa. Na tsaya a baya ina riƙe da rigata don kada ta share zanen.

Ba duka suka yarda ba. Wasu sun haye iyaka a makon, sun ce allura hanyar ƙirga shanu ce don jangali. Amma Ardo Lawwali ya kawo garkensa sansani, wasu suka bi shi, kuma daminar da ta biyo baya bushiya ba ta taɓa su ba. Maccido ne ya sake zana gilasan, aka yi ta yawo da su har ƙasar Gada. Ni aka ba ni aikin sa musu lamba, ta boko da ta ajami, a kusurwa biyu. Na yi shi da kyau ƙwarai.

Ranar da Likita zai bar Illela ya ba kowannenmu takardar shaida da Turanci, da sa hannunsa da hatimin ofis. Tawa na kai wa baduku ya yi mata gidan fata, na rataye ta a zaurena daidai inda baƙo zai fara gani. Duk wanda ya tambaya nakan ce shaidar ƙwarewa ce a aikin hoto mai motsi, daga hannun Bature.

Bayan shekara goma sha ɗaya Junaidu ya biyo ta Illela, lokacin ya zama babban malami a ofishin Sakkwato. Ya sauka a wurina, muka ci abinci, sai ya hango takardar. Na ce ya karanta mini, tunda ban taɓa jin abin da ke ciki kalma da kalma ba. Ya ciro ta, ya karanta a zuci, ya ce rubutun ya ɗan dushe. Na ce ya dai ƙoƙarta.

Ya ce, "An rubuta cewa Malam Maharazu na Illela ya halarci kowane darasi, kuma bai taɓa makara ba."

Na jira ya ci gaba.

"Sai mi?" na tambaye shi.

"Sai sa hannu."

Na karɓa na mayar da ita gidanta, na rataye inda take. Maganar gaskiya ce, ban taɓa makara ba.